Hannuwan Etelka

An janye teburan karatu an jingine da bango,
an jera kujeru sittin tsakanin kantocin littattafai.
Na ƙirga, don ni tsohon matuƙin jirgin fito ne,
ƙirgen kawuna ya bi mini jiki.
Mu talatin da ɗaya muka zo.
A waje kogin Duna na jan ƙanƙara zuwa kudu,
a ciki rigunan sanyinmu na ɗiga a kan katako.

Orsolya mai kula da laburare ta miƙe da takarda,
ta ce yau Vencel Tarjani zai cika shekara ɗari
da ƙasa ba ta rufe masa ido ba.
Ta kira shi mai sa dutse numfashi.
Aka tafa, ni ma na tafa,
ko da yake abin da na riƙe nasa
tari ne, da warin taba,
da ƙofar da ba a ƙwanƙwasa ta kafin tsakar rana.

Sai masu goge huɗu suka zauna.
Uku sun maƙale nasu a ƙarƙashin haɓa,
ta huɗun yarinya ce, ta rungume babban tsakanin gwiwoyi
kamar mai lallashin ɗan maraƙi.
Ban san sunan abin da suka kaɗa ba.
Ƙananan na cacar baki, babban na ba su haƙuri,
can sai duk suka yi shiru tare,
har na ji bututun ɗumama ɗaki yana ƙas, ƙas,
irin ƙarar gudumarsa in ya gaji.

Da aka ba da hutu muka bi bango kallon hotuna,
baƙi da fari, kowanne da 'yar takarda a ƙasa.
Ga doki babu kai. Ga yaro da tulu.
A na bakwai ƙafata ta ƙi gaba.
Hannuwa biyu na dutse suna murɗa zane,
an rubuta: Ƙasata.
Ƙaramin yatsan hagu a karkace.

Wani mai tabarau ya tsaya kusa da ni,
ya ce karkacewar nan raunin al'umma ce,
ciwon da Hangari ta haɗiye ba ta yi kuka ba.
Na gyaɗa kai.
Murfin rumbun dankali ne ya faɗa a kan yatsan,
ina tsaye a wurin, ni na saki igiyar.
Uwata ce, Etelka mai wanki.
Kwana goma sha ɗaya ta zauna masa cikin sanyi
tana murɗa jiƙaƙƙen zanen gado
har fatarta ta tsage,
ni kuwa ina ƙarƙashin tebur, ɗan shekara shida,
ina gina gari da ɓarɓashin dutse.
Ladanta buhun gawayi biyu.
Ta ce ciniki ya yi kyau, mun kai bazara da shi.

Na zo da niyyar jin haushinsa.
Amma ga tabon ƙunar tukunya a wuyan hannu,
ga jijiyar nan da ke tashi in ta matse,
ga farcen da bai taɓa tsawo ba.
Hannuwan da suka shekara arba'in suna ba ni abinci,
ban taɓa kallonsu kwana ɗaya cur ba.
Shi ya kalle su sha ɗaya.

Aka koma zama. Babban gogen ya fara shi kaɗai,
ƙasa ƙasa, kamar mai magana kada yaro ya farka.

Da aka tashi, Orsolya ta miƙo littafin baƙi.
Na sama da ni ya rubuta: Dare mai albarka.
Na ari alƙalaminta, na rubuta a hankali:
Hoto na bakwai. Etelka Bodnar, layin Masunta.
Yatsan, laifina ne.